Fuskar Jabir a Talabijin ɗin Kawu Sammani

Na'Allah ɗan kabu-kabu ne a Sabon Birni. Ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya, kuma bai taɓa riƙe hoton mahaifinsa a hannu ba. Mahaifin, Jabir, ɗan kokowa ne daga Burkusuma. Wata kaka bayan an gama yankan gero ya tsallaka Nijar wasa, zazzaɓi ya kama shi a wani ƙauye gaba da Maraɗi, can aka binne shi. A lokacin ko makarantar allo ba a kai Na'Allah ba.

Duk da haka, in ka tambaye shi kamannin ubansa, ba ya tsayawa tunani. Zai ce maka dogo ne, baƙi, kansa aske ƙwal, da tsagen Gobirci a kumatu, da layu jere a damtse biyu. In ka ce a ina ya gan shi, sai ya ce a talabijin.

Talabijin ɗin ta kawunsa Sammani ce, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ke fataucin atamfa tsakanin Burkusuma da Maraɗi. 'Yar ƙarama ce mai baƙi da fari, da batirin mota take aiki, eriyarta a ɗaure kan doguwar gora bayan zaure. Tashar Nijar kaɗai take kamawa. Akwai ranar da, bayan la'asar, ake nuna wani katun na mutum uku masu tashi sama. Ɗaya gola ne, mai tsaron raga, ko harsashi aka harbo cafewa yake. Ɗaya mace ce mai gudun da sai dai ka ga ƙura. Na ukun shi ne mai askakken kan, wanda in ya kai naushi katanga ke rushewa. Faransanci suke yi, Kawu Sammani yana zaune gefe yana fassarawa. Yaran garin ba su san sunan shirin ba, sai suka sa masa Zarata.

Mai askakken kan shi ne Jabir. Haka Na'Allah ya tashi ya sani. Da ya girma ya fahimci cewa zane zane ne, kuma matacce ba ya tashi sama, sai ya daidaita abin a ransa: mutanen Nijar suna girmama 'yan kokowa, don haka suka zana babansa suka sa shi a shirin yara. Bai taɓa ganin wani abin mamaki a ciki ba. Ya sha faɗa wa fasinja a bayan babur, wasu su ce Allahu akbar, wasu su yi shiru.

Wata ranar kasuwa ruwan sama ya tsare shi a rumfar Abdurra'uf, abokinsa tun Burkusuma, mai cajin waya da tura finafinai. Wani mutum ya zo a tura wa 'ya'yansa katun. Na'Allah ya leƙa abin da ake turawa, ya taɓe baki.

"Katun na yanzu ba katun ba ne," in ji shi bayan mutumin ya tafi. "Mota da ido, alade na magana. Ina ma Zarata."

Abdurra'uf ya ajiye wayar da ke hannunsa. "Kai, ka tuna min. Mai takalmin wuƙa, shina gudu bisa gishiri."

"Wane mai takalmin wuƙa?"

"Babbansu mana. Wanda ad da sanda mai lanƙwasa."

"Babu wani mai sanda. Gola, da macen, da babana."

Abdurra'uf ya dube shi na ɗan lokaci. Suna yara tare suka zauna a zauren Kawu Sammani, ƙafa na gugar ƙafa, amma shi bai tuna wata mace ba. Mai askakken kan kuwa ya tuna shi, sai dai a wurinsa mugu ne, shi ake bi.

"Babana ne mugun?" Na'Allah ya tambaya. Ba fushi ya yi ba, so yake ya tabbatar ya ji daidai.

"Ban ce ba. Bari, za ni nemo shi. Yanzu babu abin da ba a zuba a intanet ba."

Neman ya ɗauki lokaci, don ba wanda ya san sunan shirin, ga sabis na zuwa yana ɗaukewa. Na'Allah har ya fara mantawa, sai wata safiya Abdurra'uf ya kira shi ya ce ya zo.

Suka zauna a kan benci, kai haɗe da kai a kan waya. Da kiɗan farko ya tashi, Na'Allah ya ƙara matsowa. Shi ne. Har warin batiri da na tabarmar kaba ya ji a hancinsa. Amma hoton mai kala ne, kuma Turanci suke yi. Gola ya fito da riga tsanwa. Macen ta wuce da gudu, Na'Allah ya zunguri abokinsa da gwiwar hannu. Can kuma sai ga mai takalmin wuƙa yana sulɓi a kan wani farin fili, Abdurra'uf ya rama zungurin, ya ce ashe ƙanƙara ce ba gishiri ba.

Sai mai askakken kan ya rushe katanga ya shigo.

Na'Allah ya karɓe wayar ya matso da ita kusa da idonsa. Hannuwan mutumin cikin wasu jajayen safar dambe suke, irin ta Turawa. Abin da ke damtsensa ba layu ba ne, ƙarfe ne ruwan ɗorawa mai fitar da wuta. Kumatunsa sumul, babu tsage ko ɗaya.

"Sun goge tsagen," ya ce.

"Wa zai goge?"

"Waɗanda sunka sa mai kala."

Abdurra'uf ya ɗan ji Turanci, ya yi sakandare. Ya karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton a hankali, yana bi da yatsa. Ya ce a wata ƙasa mai nisa aka yi shirin, daga baya aka juya shi zuwa Faransanci. Kuma duka jaruman mutane ne na gaske, shahararrun 'yan wasa, aka zana su aka ba su ikon tashi sama don yara su so su.

"To ai abin da nic ce ke nan," in ji Na'Allah. "Mutanen gaske anka zana."

"E, amma wanga ɗan dambe ne." Ya karanto wani suna mai wuyar faɗi. Ya ƙara latsawa, ya nuna masa hoton wani tsoho baƙar fata mai farin gemu, sanye da kwat, riƙe da sanda, yana murmushi. "Ga shi nan. Shina raye ma."

Na'Allah ya daɗe yana kallon tsohon. Goshin nan ne, da faɗin hancin nan. Bai san me ya kamata ya ji ba. Wani ɓangare na zuciyarsa ya yi murna da jin cewa mutumin na raye, kuma ya san murnar ba ta da ma'ana. Ya ce a tura masa shirin a wayarsa. Ranar nan sau biyu yana wuce inda fasinja ya ce a sauke shi.

Yayarsa Zainaba tana aure a Isa, tana koyarwa a Islamiyyar unguwarsu. Ta girme shi, ta san mahaifinsu da wayonta. Washegari ya kama hanya da hantsi, lokacin da motoci ke bin juna kuma hanyar ta fi natsuwa. Ya same ta tana tsince shinkafa. Bayan gaisuwa ya kunna shirin ya miƙa mata wayar.

Da macen mai gudu ta fito, Zainaba ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Ta ce saboda matar nan ta taɓa ɗaura zane a wuya ta zaga gari da gudu, Inna, mahaifiyarsu, ta zane ta da tsumagiya. Ta ce ita duk a zatonta matar Bafillatana ce, saboda siririn wuyan.

"Yaya, dubi wanga," ya ce, ya tsayar da hoton kan mai askakken kan. "Baba ne ko ba shi ba ne?"

"Ina Baba ina wanga?"

"Ba su kama?"

Ta karkata wayar, ta sake dubawa. 

"Ban sani ba," ta ce. "Fuskar ta ɓace min. Ina tuna tarinshi da asuba. Ina tuna ƙafarshi, akwai faso a dugadugai, Inna na shafa mai man shanu. In nic ce za ni ɗaga ido in ga fuskar, sai wanga katun ɗin ya shigo. Tun da daɗewa haka yake min, shi ya sa ba ni son maganar."

"To wa yac ce shi ne?"

"Kawu mana."

"Kin ji da kunnenki?"

"Wa ke magana a zauren nan in ba shi ba?"

Kawu Sammani ya bar Burkusuma tun da zirga-zirgar bakin iyaka ta yi wuya, ya koma Tozai wurin babban ɗansa. Zainaba ta ce ta ma daɗe ba ta gaishe shi ba. Ta yafa mayafi ta hau bayan babur.

Suka same shi a gindin dalbejiya a tsakar gida, yanar ido ta rufe masa gani, matarsa Inna Kande na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ya gane su da murya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi damina da yara da hanya, aka kawo fura. Sannan Na'Allah ya kunna wayar.

Tsohon ya miƙe zaune. Ya fara bin kiɗan da wasu kalmomi, ko Faransanci ne ko ba shi ba ne, ba wanda ya sani. Da jaruman suka fara magana sai ya tsaya.

"Wagga ba muryarsu ba ta," ya ce. "Mi sunka yi musu?"

Na'Allah ya yi masa bayani yadda Abdurra'uf ya yi masa. Ya ƙara da cewa abokin nasa ya ce labarin wannan kashin na wani kamfani ne da ke zuba dauɗa a gulbi.

"Wane gulbi? Wanga shi na wanda aljani yas sace rijiyar gari yat tahi da ita cikin buhu."

"Kawu, kuna jin Faransanci kuwa?" Zainaba ta tambaya a hankali.

"Ina jin na kasuwa. Gaisuwa, ciniki, zagi. Sauran ai a fuska aka ganinai. In mutum ya ɗaure fuska ya nuna ƙasa, mi zai ce in ba a maido rijiya ba?" Ya juya wajen da yake jin numfashin Na'Allah. "Nawa da na abokinka, wanne yaf fi daɗi?"

Na'Allah ya ce nasa. Sannan ya yi tambayar da ta kawo shi: me ya sa aka ce masa mai askakken kan babansa ne?

"Ni ban ce ba," in ji Sammani. "Kai kac ce. Ranar farko da yaf fito ka miƙe tsakiyar yara ka nuna shi kac ce ga Baba. Uwarka tana bakin ƙofa da tulu. Wa zai buɗe baki ya ce a'a?"

"Ba haka anka yi ba," in ji Inna Kande, ba ta ko ɗago daga gyaɗarta ba. "Zainaba ta. Yaro na kuka shina neman ubanai, tad ɗauke shi tak kai shi zaure tac ce yi shiru, ga Baba can cikin akwati."

"Ni, Inna?"

"Ke. Da ɗan zanenki mai hoton agogo."

Zainaba ta ce ta tuna zanen, amma ba ta tuna wannan maganar ba. Ta ce da ita ta faɗa ai da ba za ta ruɗe ba ita ma.

"Kuma ai ba ƙarya tay yi ba," Inna Kande ta ci gaba. "Jabir ya fito a akwatin nan. Ni na gane shi da idona. Kokowar takobi anka nuna, babbar gasar Nijar, ga shi nan bakin fili shina ɗaura walki."

"Kande, bayan rasuwarshi nis sayi akwatin."

"To ba su maimaita tsohon wasa?"

"Jabir bai taɓa zuwa kokowar takobi ba. Wannan ta 'yan ƙasa ta, shi baƙo na."

"Ni dai na gane shi."

Na'Allah ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya zo da tambaya ɗaya, yanzu ta haihu. Ya ce to a bar maganar akwati, a faɗa masa kamannin mutumin kawai.

Sammani ya ce gajere ne, kakkaura, kamar turmi. Inna Kande ta ce ba gajere ba ne, sai dai in ya tsaya kusa da Sammani, wanda a lokacin kamar gora yake. Sammani ya ce baƙi ne. Ita ta ce wankan tarwaɗa. Ya ce yana aske kai, ta ce sumarsa har kitsa ta yake in za shi filin kokowa. A kan tsage ne kawai bakinsu ya zo ɗaya: yana da shi, na Gobirci, har kusa da kunne.

"To na ga tsagen," in ji Na'Allah da sauri. "A katun ɗin na gan shi. A wanga na waya ne babu."

"Gilashin akwatin ya karce," in ji Sammani. "Faɗuwa tay yi daga bayan raƙumi ranar da nik kawo ta. Kowa yaf fito cikinta da tsage shika fitowa, har mai karanta labaru."

Zainaba ta yi dariya. Na'Allah bai yi ba. Ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya zauna yana kallon ɓawon gyaɗa. Inna Kande ta ɗago ta dube shi a karon farko, ta tura masa ƙwaryar fura kusa, ta ce ya sha.

Can Sammani ya dafa gindin bishiyar ya miƙe.

"Tashi," ya ce. "Fuska ban iya ba ka ita, ko ta Kande ta gushe min balle tashi. Amma mun kama da Jabir tun muna kiwon awaki, jikina bai mance kamunai ba. Matso."

"Kawu, za ku ji ciwo."

"Matso nic ce."

Na'Allah ya cire hula ya miƙa wa Zainaba. Tsohon ya lalubo kafaɗarsa, ya lalubo ƙugu. Hannunsa ba nauyi, kamar busasshen kara.

"Kowa da dama shika shiga. Shi bahago na. Sai ya ba ka hannun dama ka riƙe, kai kana murna ka samu. Riƙe." Na'Allah ya riƙe. "To sai ya yi tari."

"Tari?"

"Tari. Da gangan. Kai kuma sai ka ɗan saki, kana zaton wani abu yas same shi."

Sammani ya yi tari. Na'Allah ya ji hannun hagu ya zagaye bayan gwiwarsa, ya ji kai ya tura shi a ƙirji, kafin ya gane me ke faruwa yana kwance rigingine kusa da akurkin kaji, tsohon a kansa yana haki. Kaji suka watse. Inna Kande ta ce ai ga irinta nan, in ƙugunsa ya goce kada wanda ya tashe ta.

Suka ɗaga shi suka zaunar. Bai ji ciwo ba, dariya yake yi har hawaye na fita daga fararen idanun.

"Haka shika kaye," ya ce. "Ba wani ƙarfi garai ba. Ya sha kaye shi ma, ba kaɗan ba. Amma duk wanda bai san tarin nan ba sai ya sha ƙasa."

Zainaba ta ce to ashe tarin da take ji da asuba ma wataƙila na ƙarya ne. Sammani ya ce a'a, wannan na gaske ne, taba yake sha.

Na'Allah ya kakkaɓe rigarsa. Ya roƙi a sake nuna masa, a hankali, ba kayarwa. Aka sake. Ya sa hannunsa na hagu inda aka ce, ya ji bai zauna masa ba, shi da dama yake komai. Ya yi ta gwadawa har Inna Kande ta ce rana ta karkata, hanyar Isa ba ta son yamma.

A kan babur, da suka hango garin Isa, Zainaba ta matso. Ta ce, ta bayan kunnensa, "In ni nic ce, ka yafe min."

"In ni nic ce fa?"

"To mu bar shi ga Kawu."

Ya sauke ta a ƙofar gida, ya ƙi shiga, ya wuce. A hanya ya yi ƙoƙarin haɗa mutumin: gajere ko matsakaici, da suma ko babu, bahago, mai faso a dugadugai. Duk sanda ya kusa haɗa shi sai jajayen safar damben su fito, sai tsohon nan mai kwat ya yi masa murmushi. Ya bar abin haka nan, ya mai da hankali kan ramukan hanya.

Ya iso Sabon Birni kafin magariba. Abdurra'uf na haɗa wayoyin caji zai rufe rumfa.

"Yaya, an gano?" ya tambaya. "Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Bahago ne," in ji Na'Allah.

"Wa? Ɗan damben?"

"Ban sani ba ko shi ma. Duba min."

Abdurra'uf ya ciro waya ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya juya yamma. Babu sabis. Ya ce sai gobe. Wata mata da buhun barkono ta ɗaga hannu daga tsallaken titi, Na'Allah ya tada babur ya nufe ta.